Sunan da Za a Rubuta a Kabarina

Greensboro, 3 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Fourera,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jikoki da mutanen Damagaram. Ya ƙafar taki?

Ni dai ga ni nan. Sau uku a sati 'yata Djamila take kai ni wankin ƙoda. Likita ya ce in manta da zancen jirgi, don haka ki daina gyara mini ɗaki. Daga taga ina ganin motocin titin Wendover suna ta gudu, ni kuwa ko bakin titi ban isa in kai kaina ba.

Jiya muka binne wani tsoho ɗan Maradi. Kin san abin da suke yi a nan? Allo suke kafa wa kabari, da suna ɓaro-ɓaro! Tun da na gani hankalina bai kwanta ba. Ke kaɗai kika rage da kika san dalili.

Ki gaida kowa.

Yayanki


Greensboro, 20 ga Afrilu

Fourera,

Ina gaisuwa, da fatan zafin bana bai matsa muku ba.

Na gaya wa Djamila komai. Na ce mata a 1964 ina cikin samarin jam'iyyar Sawaba da suka tsallako iyaka da bindiga don mu kawar da mulkin jam'iyya ɗaya. Shekarata goma sha tara, kaina cike da zancen talakawa. Ko sati ba mu yi ba aka tarwatsa mu. Na gaya mata yadda na ɓuya a rumbun Inna, yadda yaya Tahirou ya cusa mini katinsa na shaida a aljihu, da yadda jandarmomi suka kira sunana ya amsa. Tahirou da ko taron siyasa bai taɓa leƙawa ba! Bai fito daga kurkuku ba. Ni kuwa shekara sittin ina cin tuwo da sunansa.

Ta yi kuka, sannan ta kai ni wurin lauya. Ya ce takarduna da nata duk a kan sunan nan suka tsaya, idan na taɓa shi ban san abin da zai rushe ba. Na tashi da fushi, har na manta sandata. To, wa zan yi wa fushin? Ba zan jefa Djamila da yaranta cikin wahala don allo ba.

Shi ke nan, Tahirou za su rubuta. Shi da ba mu san inda aka binne shi ba zai sami kabari mai suna a Amurka. Wallahi abin yana ci mini rai, amma ya cancanta.

Alfarma ɗaya nake roƙo. Ranar da labari ya iso miki, ki yi mini sadaka a ƙofar gidanmu, ki faɗi sunan da Baba ya raɗa mini da ƙarfi, maƙwabta su ji.

Ki yafe mini. Allah Ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Tassiou