Muryar Bayan Labule

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiya lau, in ban da zuciyata da ke tafasa.

Kin tuna Ɗan Gayu, mawaƙin da na yi wa amshi ina budurwa? Kin tuna waƙarmu ta jirgin ƙasa, wadda muke juya kaset ɗinta da biro muna wanki, har Inna ta rantse sai ta jefa rediyon a rijiya? Wurin nan da ganga take tsayawa, mace ta ɗaga murya ita kaɗai, kin san ni ce. Duk sanda na ji shi sai ƙamshin sabulun nan ya dawo min, in ga Inna a bakin ƙofa tana tsaki, alhali ƙafarta na bin kiɗan. Abin da ya rage min na ƙuruciya ke nan.

To, rannan ina kan keken ɗinki sai na ji shi a rediyo. Aka tambaye shi wace ce mai muryar nan. Wallahi Yaya, dariya ya yi, wai wata yarinya ce, ya ma manta sunanta. Saura ƙiris allura ta huda min yatsa.

Ba a jima ba sai ga shi a shagona, gashi ya sha rini, tumbi a gaba. Ashe dai ya san hanya! Wai za a yi wasan tuna baya a babban ɗakin taro. Yana so in rera wurin nawa daga bayan labule, 'yarsa kuma ta tsaya gaban jama'a da makirufo a kashe tana motsa baki. Na yi murmushi na ce to, har lemo na saya masa.

Amma in aka zo wurin nawa a waƙar, zan kama bakina gum. Bari yarinyar ta wangale baki kamar kifi, duniya ta san halin ubanta. Kada ki aiko min da wa'azi, ba ji zan yi ba.

Ki gaida min kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Wa'azinki ya iso, amma bayan an gama komai.

Ɗakin ya cika maƙil da sa'anninmu, furfura ko'ina, wasu har da sanda. Aka ajiye ni a kujerar roba bayan labule, kusa da tsintsiya da bokiti. Da ganga ta tsaya, na kashe makirufona na ɗora shi a cinya. Yarinyar ta buɗe baki.

Sai ɗakin ya ɗauki waƙar gaba ɗaya. Maza da mata, Yaya! Har 'yar karkarwar nan da nake yi a ƙarshe sai da suka yi ta. Ta tsagar labule na hango wata tsohuwa ta rufe ido tana rerawa, hawaye na bin kumatunta. Ni da na zo cin mutunci, sai ga ni ina kuka wiwi, ina bin su ƙasa-ƙasa. Babu wanda ya lura da komai. Aka yi ta tafi, yarinyar tana rusunawa.

Wannan duk da sauƙi. Da aka tashi Ɗan Gayu ya leƙo bayan labule, ya jiƙe sharkaf da gumi, ya ce muryata ba ta taɓa fita tangaran kamar yau ba. Na kalli idonsa, da gaske yake. Mutumin da na ƙare ƙuruciyata ina tsaye a bayansa, ko shiruna bai ji ba.

Ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba. Allah ya isa tsakanina da shi.

Ki shafa min kan yara. In waƙar ta zo a rediyonku, kada ki kashe don ni. Ki ƙara murya.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta