Kiɗan A-Tafi-Gida

Zongo, Kumasi
Litinin

Kawu Abukari,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan ƙafar ta yi sauƙi, kuma 'yarka Nasira da maigidanta suna lafiya. Mutanen garejinmu na Suame duk suna gaishe ka. Ga wasiƙar Litinin kamar kullum ta hannun Abdul-Fatawu direba, tunda kunne ya hana ka waya, ido kuma ya ƙi ƙananan rubutunta.

Jiya Shahon Zongo ya yi canjaras da 'yan Krofrom, ɗaya da ɗaya, a filinmu. Kawu, wannan ba canjaras ba ne, faɗuwa ce ta sa riga. Tun minti na ashirin muka ci. Daga nan ɗan gabanmu ya zubar da ƙwallo uku waɗanda ko kai da sandarka za ka tura su raga. Ta ukun sai da ta faɗa cikin tukunyar Fareeda mai koko a bayan katanga. Ta ɗago ta da ludayi ta ce, "Kai, chale, wannan yaro gidan abinci yake nema, ba gol ba."

Alƙalin wasa kuwa sai dai a bar shi da Allah. Ya ƙara minti biyar da ban san inda ya samo su ba, a ciki suka rama. Yanzu mun koma na huɗu a tebur, saura wasa uku. Ban iya cin tuwo ba da na koma gida.

Allah ya ƙara lafiya.

Ɗanka,
Jibirin

*

Ejura
Laraba

Jibirin,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, alhamdu lillahi. Nasira ta amsa gaisuwa.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Na ga ɗan gaba, na ga alƙali, har tukunyar Fareeda na gani. Ban ga gangata ba. Shekara uku ke nan da na rataya maka ita a kafaɗa, kuma ba ka taɓa rubuto mini ba tare da ka faɗi yadda ta yi ba, ko da fatar ce ta saki saboda ruwan sama.

Sannan Abdul-Fatawu, wanda ya saba zama ya sha shayi, ya miƙo takardar yana kallon ƙasa, ya juya.

Ta yaya suka rama? Ina golanmu Sadick yake a lokacin? Ka rubuto mini abin da ya faru, ba abin da ka so ya faru ba.

Ka gaida iyalinka, Adizatu da yara.

Kawunka,
Abukari

*

Zongo, Kumasi
Alhamis

Kawu,

Bayan gaisuwa da neman gafara. Ni ne na jawo.

Ka san ƙa'idar da ka kafa: ba a buga kiɗan A-tafi-gida sai wasa ya ƙare kuma mu ne da nasara. Ka kuma san cewa in filinmu ya cika, 'yan wasa ba sa jin usur saboda ihu, ganga suke saurara. Shekara da shekaru, da sun ji A-tafi-gida sun san an tashi.

Muna cikin minti na huɗu na ƙarin lokaci, kowa na tsaye yana cewa a busa. Sai na ji usur mai tsawo. Wallahi Kawu ban duba ba, hannuna ne ya riga ni. Ashe keta alƙali ya busa a tsakiyar fili. 'Yan bayanmu suka ɗaga hannu suna rungumar juna. Sadick ya fito daga raga ya faɗi ya yi sujadar godiya. Goshinsa na ƙasa ɗan Krofrom ya buga ƙwallon da sauri, ta wuce ta saman bayansa ta shiga. Ni kuma ina ta kiɗa, sai da Fareeda ta riƙe mini hannu.

Ba wanda ya dake ni, da ma dukan aka yi da ya fi. Sadick ya zo har inda nake, ƙasa a goshinsa, ya ce, "Masta Jibirin, kai ka ce mu tafi gida. To mun tafi." Ya wuce. A gareji yanzu ko guduma na ɗaga sai wani ya ce, "A dakata, rafali bai busa ba." Ina dariya tare da su, amma abin yana ci mini rai.

Alhaji Ikrama, shugaban magoya baya, ya ce a karɓe gangar a ba Awalu mai walda. Wasu suka ce ba ta ƙungiya ba ce, taka ce, kai ka ɗaure fatarta. An tsaya a kan za a zauna gobe bayan sallar Juma'a, kuma abin da ka rubuto shi za a bi. Abdul-Fatawu zai taso da amsarka da sassafe.

Ba na so a karɓe ta, gaskiyar ke nan. Ina bugun jikin mota kwana shida ne don in kai ranar Lahadi. Amma in ka ce a ba Awalu, da hannuna zan kai masa.

Ɗanka mai kunya,
Jibirin

*

Ejura
Juma'a, bayan Asuba

Jibirin,

Salamu alaikum. Wannan takardar ka ba Alhaji Ikrama ya karanta wa jama'a da ƙarfi.

Kun yi asarar maki biyu, kuma laifinka ne. Ba zan ce ba naka ba ne.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai marigayiya uwar Nasira. Ku kun san na kurmance shekara uku da suka wuce. Shekara tara ne. Gudumar Suame ta cinye kunnen tun kana sabon aure. Shekara shida na yi ina kaɗa muku ganga ban ji usur ko ɗaya ba, ita kanta gangar a haƙarƙarina nake jin ta. Na ɓoye ne don tsoron abin da kake tsoro yau, kada a karɓe ta.

A cikin shekarun nan shida, sau nawa na buga A-tafi-gida a kuskure? Ku tambayi Alhaji. Ni alƙali nake kallo. Ba na ɗaga hannu sai na ga ya karɓi ƙwallo ya sa a hammata. Usur kala-kala ne, akwai na keta, akwai na satar gida, akwai na ɗan iskan da ya shigo da nasa a aljihu. Ƙwallo a hammata kuwa ma'anarta ɗaya ce.

Da na ba ka gangar na koya maka kiɗa, ban koya maka wannan ba, don in na faɗa asirina zai tonu. Wannan rabin laifin nawa ne.

Ganga tana nan a wurin Jibirin. Awalu yana da hannu mai kyau, amma kunnensa ma lafiya lau yake, ba abin da zai canza.

A cikin ambulan akwai auduga. In an shiga minti goma na ƙarshe, ka toshe kunnuwanka duka biyun.

Wassalam,
Abukari

*

Zongo, Kumasi
Litinin

Kawu,

Ina gaisuwa. Jiya mun ci ɗaya da nema. Na sa audugar. Ban buga ba sai da ƙwallo ta shiga hammata, kuma Sadick bai motsa daga raga ba sai da ya juyo ya kalle ni.

Minti goma kawai na yi a cikin shirun nan, bakuna suna motsi a kewaye da ni, na ji kamar ni kaɗai ne a filin. Sai na tuna shekara shida ina tsaye a gefenka kowace Lahadi, ina ba ka labarin gareji da na gida, har da ranar da na ce maka Adizatu ta haihu, kana gyaɗa kai kana murmushi.

Ranar Asabar zan biyo Abdul-Fatawu. Na sayi babban littafi da biro mai kauri. Akwai labarai da yawa da zan sake ba ka.

Ɗanka,
Jibirin