Sunaye Shida a Rajistar Tungar Baure

Argungu, 3 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Alhaji Hodi Maigandi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ne Taufiq, sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban firamaren Tungar Baure. An ce mini ba ka son dogon zance a waya, shi ya sa na rubuto.

A watan gobe makarantarmu za ta cika shekara sittin, kuma muna buga ɗan littafin tarihinta. Cikin bincike muka samo rajistar farko ta 1964. Ranka ya daɗe, sai da na yi ƙwalla. A zamanin da kowa ke gudun boko, yara shida na farko duk 'ya'yan marigayi Hakimi Maigandi ne, sunanka a sama. Don haka ƙungiya ta nemi a sa wa makarantar sunansa, jikokinsa kuma sun yi alkawarin gina aji biyu. Tunda kai kaɗai ka rage cikin shidan, muna roƙon ka yi jawabi a madadin 'ya'yansa.

Allah ya ƙara girma.
Taufiq

Birnin Kebbi, 6 ga Oktoba

Laure ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da ƙafarsa da ba ta jin magani. Ga takardar wani yaro nan na haɗo miki. Ki karanta bayan kin ci abinci, don ni tun da na karanta tuwo ya fita raina.

Wai Maigandi ne uban ilimi. Maigandi! Ke kina goye lokacin, bari in tuna miki. En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, ta aiko cewa kowane hakimi ya kawo yara shida, ya fara daga ɗakinsa. Shi kuwa ya yi imani duk yaron da ya riƙe fensir ya bar salla. Sai ya tura nasa cikin rumbun shinkafa, ya ce wa malamin da aka turo ƙyanda suke yi. Sannan ya aiki dogarinsa Riskuwa bakin gulbi ya tsinto 'ya'yan waɗanda ba su da bakin magana. Baba na ɗinkin homar kamun kifi aka fizge ni daga gefensa. Da ya biyo mu yana roƙo, aka zaunar da shi a rana ƙofar fada har la'asar. Da malam ya buɗe rajista ya tambayi sunan ubanmu, Maigandi ya ce, "Duk ɗiyana na, rubuta." Aka rubuta. Abin da ya sa yaron nan kuka ke nan.

Makarantar ma wa ya yi ta? Rumfar zana ce, muna rubutu da yatsa a ƙasa. Malam Kamilu yana zuwa daga Argungu a keke, in ruwa ya cika fadama ya ɗora keken a ka. Ajin ƙasa na farko iyayenmu suka kwaɓa, suka ɗora, ba a ba su ko furar rana ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Su kuma jikokin da za su gina aji biyu, bara da na wuce buhunan shinkafarsu na gani jibge a aji huɗu, yara na zaune gindin bishiyar bedi. Sun san gaskiya sarai, sun yi gum saboda za a rubuta sunan kakansu da fenti.

Ba zan je ba. Ƙyamar abin nake ji.

Yayanki,
Hodi

Argungu, 10 ga Oktoba

Yaya Hodi,

Mun amsa gaisuwa, ƙafa da sauƙi. Na karanta takardun biyu, kuma na ci tuwona lafiya lau.

Duk abin da ka faɗa kan Maigandi haka yake, har da ƙari. Amma laifi tudu ne, Yaya. Shekara bakwai gare ka da aka rubuta ma wannan suna, ba mai ganin laifinka. Da ka shiga kwaleji fa? Da ka kama aikin gwamnati? Da ka je neman aure aka ce ɗan hakimi ne, ka ce a'a? Ni da na shiga makarantar nan bayanka da shekara shida, Laure Hammadu aka rubuta, da shi na koyar shekara talatin da biyar, ban ga ya hana ni albashi ba. Da ka zama babba a ofis, 'ya'yan da aka ɓoye a rumbu suka fara ce ma Yaya, kai kuma ka amsa. Ka kai su Makka ma, mutum biyu.

Akwai abin da ban taɓa gaya ma ba. Shekarar da kake aji uku a kwaleji, Baba ya ɗauki bandar kifi ya tafi Birnin Kebbi ganinka. Ɗan Dankure da kuke ɗaki ɗaya ya dawo hutu ya ba da labari a gari, wai ka ce wa abokanka mai kai wa gidanku kifi ne. Inna ta yi kuka ta ce sai ta ci mutuncinka. Baba ya ce, "Ku ƙyale shi. Sunan ga ya hi nawa kai shi nesa. Na gane shi, ya yi ƙiba, ana ba su abinci." Bai sake tada zancen ba har ya koma ga Allah.

To yanzu ka ce ba ka zuwa. In ka zauna gida, littafi ya fito, shi ke nan Maigandi ya haifi shida. Biyar sun mutu, bakinka kaɗai ya rage. Ga sunayen iyayen sauran nan na rubuta a bayan takarda, na bi gida gida na tabbatar. Na shidan ba sai na rubuta ma ba.

Ƙanwarka,
Laure Hammadu

Argungu, 21 ga Oktoba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa. Takardarka ta iso, wadda ka ce a ciki Hammadu ne mahaifinka ba hakimi ba, na karanta wa kwamiti kamar yadda ka umarta. Sai dai kwamiti ya ce tarihi da shaida ake rubuta shi, kuma mun duba ko'ina ba mu ga Hammadu ba. Takardun makarantarka da na aikinka duk Maigandi ne, haka allon ƙofar gidanka. Jikokin hakimi sun ce in aka taɓa sunan kakansu, a manta da aji biyu. Na kuma kira ɗanka Injiniya Izzuddeen Maigandi, wanda ya ɗauki nauyin buga littafin, ya ce bai taɓa jin wannan magana ba, wataƙila tsufa ne. An riga an kai littafi maɗaba'a. Har yanzu kujerarka na nan a gaba.

Allah ya huci zuciyarka.
Taufiq

Birnin Kebbi, 23 ga Oktoba

Laure,

Gaisuwa. Zan je taron, zan karanta sunaye shidan na iyayenmu, ko za su kashe lasifika.

Jiya Izzuddeen ya zo da takardar da na aika wa kwamiti a hannu. Shekararsa arba'in da ɗaya, ya tsaya a kaina ya ce, "Baba, wai wane ne Hammadu?" Tun yarana suna ƙanana na ce musu uwa ce kawai ta haɗa ni da ke.

Na gaya masa, bai yarda ba. Ki zo ranar Juma'a, don Allah. Ke zai fi yarda da ke.

Hodi