Hoton Agwagin da Baba Ya Nema

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Yaya Legas, yaya aiki, yaya maiɗakinka da yara?

Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da Baba, ba shi da zance sai agwagin daji na tafkin da yake lambu a da. Ya ce in ɗauko masa hotonsu. Ranar farko na fuskanci rana, suka fito baƙi ƙirin. Washegari ƙyallin ruwa ya cinye su. Rana ta uku na yi sammako, na ba rana baya, na rage hasken kamara, na kwanta cikin laka har suka matso. Hoton ya fito tas.

Da na kai masa, ya riƙe shi a juye, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Madalla, Habu, kamar in taɓa su."

Nan na gane idonsa ya tafi. Inna ta fita tana kuka. Ashe ta sani tun kaka, shi ya hana ta faɗa.

Jibi zan kai shi likita Damagaram. Ka sa shi a addu'a, ka zo tun yana ganin inuwar mutum. Ka gaida Kawu Isa.

Ƙaninka,
Habu, Matameye