Baba Ya Ce Rabin Awa Ce Zuwa Quibdó

Malama Eufemia, don Allah ki taimake ni, ko abinci ba na iya ci. Kowa a garinmu Nuquí cewa yake yi rabin awa ce jirgin sama ke yi zuwa Quibdó, ni ma haka na taso ina ji. Asabar mai zuwa da ƙarfe goma zan zauna jarrabawar shiga makarantar jinya a can. Babana, Arcindo, wanda masunci ne, ya saya min tikitin ƙarfe takwas na safiyar ranar. Ya ce har soyayyar ayaba zan tsaya in ci kafin a buɗe ƙofa.

Ni kuwa tsoro nake ji. Sau ɗaya ake yin jarrabawar a shekara. Na roƙe shi in tafi tun Alhamis in sauka wajen ƙanwarsa, Gwaggo Ludivia, ya ce ƙafata ba za ta taka gidanta ba. Tun rasuwar kakata ba sa magana, domin ba ta zo jana'iza ba. Ita ta ce kwana biyu tana zaune a filin jirgi, ruwa ya hana tashi. Shi kuwa ya ce wanda ke son ganin gawar uwarsa, rabin awa ba ta gagare shi. Yayana har tsokanata yake yi, wai likitar da ke tsoron gajimare. Malama, ni ce mai rakin, ko kuwa?

Mai kallon sama, Nuquí

'Yata, ba raki kike yi ba. Babanki ma bai yi ƙarya ba. Rabin awar nan gaskiya ce, amma daga ɗagawar tayar jirgi take farawa, ta ƙare da saukarta. Tazarar ba ta kai kilomita ɗari ba, sai dai tsaunukan Baudó na tsakani, kuma ƙaramin jirgi ba ya ratsa su sai hanya ta washe. Wani lokacin ma daga wani gari zai fara zuwa. In ya makara can, kin makara nan. Ga awon kaya, ga hanyar shiga gari. Lokacin tafiya daban, lokacin da ake yi a sama daban.

Ki tausaya wa babanki. In ya yarda jirgi na iya ƙin tashi ranar Asabar, ya yarda ke nan ƙanwarsa ba ta yi masa ƙarya ba, wannan kuwa yana da nauyi ga mai baƙin ciki. Saboda haka kada ki ambaci gwaggonki tukuna. Abu ɗaya za ki roƙa: a mayar da tikitin zuwa Alhamis. Masauki kuwa, ki bar shi ya zaɓa, ko gidan wata tsohuwar malamarki ne.

Ga abin da nake so ki gwada tun gobe. Da safe, yana gyaran komarsa ta kamun kifi a bakin teku, ki zauna kusa da shi da agogo. Ku dubi tsaunin, ku saurari ƙugin jirgin takwas. Kada ki ce komai, in jirgin ya makara, bari shi ya tambaye ki ƙarfe nawa. Allah ya ba ki sa'a, 'yata, ya kuma sanyaya zuciyarsa.

Malama Eufemia