Kawu Idi da Baƙar Giya

Asabar da dare, unguwar Biafra.

Yau Madam, mai mashayar da nake aiki, ta kawo baƙar giya kala uku, irin wadda Turawa ke sha lokacin sanyinsu, ta ce manyan kwastomomi su ɗanɗana a ɗakin baya. Ni na ɗauki tire na shiga.

Wa zan gani? Kawu Idi, ba hula, ya maƙale a kusurwa. Mutumin da ya kore ni daga gidansa a unguwar Adjamé gaban 'ya'yansa, wai mai ɗaukar kwalba ba ya taka masa tabarma.

Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, da ƙarfi, don kowa ya ji. Sannan na jera masa kofuna.

Na ce, "Kawu, ta farkon an ce ƙamshin ƙonanniyar gahawa gare ta. Ta biyu zaƙi-zaƙi kamar dabino. Ta ukun ɗaci. Ni ban sani ba, ba na sha. Kai za ka gaya mini."

Ya ce a hankali, "Habu, don Allah ka rufa mini asiri."

"Ba ka zaɓa ba tukuna, Kawu."

Ya nuna mai ɗacin. Na cika masa kofi fal, na tsaya a kansa har ya shanye.

Na lalubi tausayi a zuciyata, ban samu ba. Gobe zan je in gaida matarsa. Ba abin da zan faɗa mata. Na fi so kullum Kawu ya wayi gari yana jiran ranar da zan tona masa asiri.