Murjanin Malam Daniel

Asabar, 12 ga Afrilu
Yau maƙwabcinmu Malam Daniel ya nuna mani akwatin gilashin da ke falonsa. Ruwan teku a Ƙofar Kaura! Ciki wani abu zaune kan dutse kamar naman kaza, jikinsa duk 'yan gashi suna rausaya. Na ce Malam, miya za a yi da shi? Ya ce murjani ne mai laushi, dabba ce, kuma ya fi ni haƙuri. Inuwar hannuna kawai ta gifta, gashin ya shige. Tabarakallah. Ba ido, ba baki, amma ya san da ni.

Laraba, 16
Za su Kafanchan bikin Ista. Ni aka ba makulli! Matarsa Maman Happiness ta ce, "Umair fa? Wanda ya ɗaura wa akuyarmu ɗankwali?" Malam ya ce eh, shi. Aikina biyu: in sa gorar ƙanƙara cikin ruwan da azahar saboda zafi, in ruwa ya ragu in ƙara daga shuɗiyar jarka.

Juma'a, 18
Na kawo kakata Hajo kallo. Na ɗebo mata ruwan akwatin a kofi, na ce maganin gwiwa ne. Ta kurɓa, ta furzar, ta biyo ni da takalmi tana "ja'irin miji!" Garin gudu na ture jarkar. Ta tsiyaye tas.

Asabar, 19
Ruwa ya ragu da yatsa biyu. Tunda na teku ne, na dama gishirin girki a ruwan famfo na zuba. Har da yabon kaina.

Lahadi, 20
Murjanin ya rufe. Ba gashi ko ɗaya, sai ƙyalli kamar an naɗe shi da leda.

Litinin, 21
Na shirya ƙarya kala uku. Da Malam ya ɗauki waya duk suka gudu, na faɗi gaskiya. Sannan ya ce zafi ruwa kawai yake sha, gishirin yana nan, na jarkar ba gishiri ciki. Shekara huɗu yana renon murjanin tun yana kamar ƙwayar goro. Ya ce in riƙa kwashe kofi ɗaya ina mayar da kofi ɗaya na fiyawata, a hankali. Bai zage ni ba. Da ma ya zaga.

Laraba, 23
An ɗauke wuta tun hantsi, injin da ke motsa ruwan akwatin ya tsaya. Da ludayin Hajo na yi ta motsa ruwan har la'asar. Kafaɗata! Ita ta kawo mani fura, ta leƙa ta ce, "Sannu bawan Allah." Ba da ni take ba.

Alhamis, 24
Ledar ta saɓule! Ƙarƙashinta sabuwar fata, gashi na leƙowa ɗaya-ɗaya. Na ƙirga sha tara, lissafi ya ɓace mani. Abin da na yi mashi, ko ni aka yi wa sai na yi wata ina gaba. Shi ya tuɓe riga kawai ya ci gaba da rausayarsa.

Asabar, 26
Gobe za su dawo. Abokina Sagiru ya shigo, ya ce mu jefa kwaɗo ciki mu ga idon Malam. Dabara ce mai kyau, irin tawa. Ya fara ƙwanƙwasa gilashin da makullin babur, ban san sadda na buge mashi hannu ba. Ya tsaya yana kallona.

Zafin gari ne, ina jin.